Shin Ko Kun San? Yadda Manhaja Ke Aiken 'Yar'uwarta Ta Karɓo Amsa

Babu manhajar da ke yin komai da kanta. Shafin intanet da ke rage girman hoton da kuka ɗora, da manhajar da ke ciro sauti daga bidiyo, da wadda ke duba ko ma'adanar kwamfuta ta kusa cika, galibinsu wata ƙaramar manhaja suke kira ta yi aikin, su kuma su tsaya jiran abin da za ta kawo. Kamar ɗan aike ne: idan ya dawo sai ka karɓi saƙo, ka saurari ƙorafinsa, ka kuma tabbatar ya isa inda aka tura shi. Masu rubuta manhaja da yawa saƙon kaɗai suke karɓa su yi gaba, kuma ta nan ɓarna take shigowa. Ga abubuwan da ya kamata duk mai wannan sana'a ya riƙe.

Asalin abin

Shin ko kun san cewa tunanin haɗa manhaja da manhaja ya girmi tsarin Unix kansa? A shekarar 1964 Doug McIlroy na cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka ya rubuta wata gajeriyar takarda, inda ya ba da shawarar a riƙa jona manhajoji kamar yadda ake jona tiyon ban-ruwa, abin da ya fito daga wannan ya zuba cikin waccan. An fara gina Unix a 1969, amma sai a 1973 Ken Thompson ya saka wannan dabara a cikinsa. Ita ce ake kira bututu, kuma alamarta a yau ita ce sandar nan a tsaye, `|`.

Ko kun san cewa kowace manhaja a Unix da Linux da macOS tana tashi ne da ƙofofi uku a buɗe? Ƙofa mai lamba 0 ta shigar bayani ce, sunanta `stdin`. Mai lamba 1 ta fitar sakamako ce, `stdout`. Mai lamba 2 kuma ta ƙorafi da saƙon kuskure ce, `stderr`. A tagar umarni, ta 1 da ta 2 duka kan allo suke zuba, shi ya sa mai kallo yake ɗauka abu ɗaya ne. Sai ranar da ya zo kama sakamako a cikin manhajarsa zai ga hanyoyi biyu ne daban.

Shin ko kun san cewa asarar takarda ce ta haifi ƙofa ta uku? Kamar yadda ma'aikatan Bell Labs na wancan zamani suka ba da labari, a shekarun 1970 suna da injin tsara rubutu don ɗab'i, mai aiki da takardar hoto mai tsada wadda sai an wanke ake ganin abin da ke kanta. Idan manhaja ta gamu da matsala, saƙon kuskuren sai ya bi bututu ya shige injin. A wanke takarda, a tarar da layi ɗaya tak an tsara shi tsaf, yana cewa an kasa buɗe fayil. Daga nan aka ware wa ƙorafi hanyarsa.

Ko kun san cewa dabarar kama sakamakon umarni a saka shi cikin wani umarnin ta shahara ne da shel ɗin Stephen Bourne, wanda ya fito tare da Unix bugu na 7 a 1979? Shel shi ne manhajar da ke karanta umarnin da kuka buga ta aiwatar. A nasa, idan aka sa umarni tsakanin alamomi biyu masu jirkicewa baya, kamar `` `date` ``, sai a gudanar da shi a ajiye amsarsa a gurbin. Daga baya shel ɗin David Korn ya kawo salon `$(date)`, wanda ya fi sauƙin karantawa, kuma ana iya cusa wani a cikin wani ba tare da rikicewa ba. Ƙa'idar POSIX ta amince da duka biyun, amma na biyun ake ba sababbin masu koyo shawara su riƙe.

Shin ko kun san cewa bututun MS-DOS ba na gaske ba ne? Bugu na 2.0 da ya fito a 1983 ya ɗauko alamar `|` daga Unix, amma DOS ba ya iya gudanar da manhaja biyu a lokaci guda. Don haka ta farko takan gama aikinta kaf, a zuba sakamakon a wani fayil na wucin gadi, sannan a tayar da ta biyu ta karanta. A Unix kuwa su biyun tare suke tafiya, wannan na zubawa waccan na kwashewa.

Abin da ke gudana a ƙarƙashi

Ko kun san cewa komai yaren da kuke rubutu da shi, a Linux kusan matakan iri ɗaya ne? Manhajarku takan nemi tsarin kwamfuta ya buɗe bututu da `pipe`. Sai ta raba kanta biyu da `fork`, a sami uwa da 'ya. 'Yar takan ɗaura ƙofarta mai lamba 1 a bakin bututun da `dup2`, sannan ta rikiɗe ta koma umarnin da ake so da `exec`. Uwar tana ɗaya bakin tana karantawa, idan an gama ta kira `wait` ta karɓi labarin yadda aka ƙare. Umarnin da aka kira bai ma san ba kan allo yake rubutu ba, sai in ya bincika.

Shin ko kun san cewa `system` na yaren C ba ya dawo da sakamakon umarni ko kaɗan? Wannan tarko ne da ke kama sabon shiga a C da Perl da Python baki ɗaya. Mutum zai rubuta `os.system("date")`, ya ga kwanan wata ya bayyana a allo, ya ɗauka ya kama shi. Da ya duba mazubinsa sai ya tarar da 0. Kwanan watan ya wuce kai tsaye zuwa allo, abin da aka miƙo masa shaidar an gama lafiya ce kawai. Mai son rubutun a C `popen` yake kira, wanda shi ma ya zo da Unix bugu na 7.

Ko kun san cewa umarnin da ya gama aiki ba ya gushewa gaba ɗaya sai uwarsa ta karɓi rahotonsa? Kafin nan sunansa yana nan a jerin ayyukan kwamfuta, kuma idan kuka buga `ps` za ku gan shi da harafin `Z`. Ba ya cin ƙarfin na'ura, amma yana riƙe da lamba, lambobin kuma suna da iyaka. Sabar da ke kiran umarni dare da rana ba ta kiran `wait` ko `pclose`, wata rana za ta wayi gari ta kasa tayar da sabon aiki.

Kowane yare da salonsa

Shin ko kun san cewa Perl, yaren da Larry Wall ya fitar a 1987, ya ɗauko alamomin Bourne yadda suke? Akwai kuma `qx//` mai yin aiki iri ɗaya. Idan kuka zuba amsar a mazubi guda, rubutun zai zo a dunƙule. Idan jeri kuka ba shi, kowane layi zai zauna a gurbinsa. Sai dai a lura da `$?`. Idan umarni ya fita da lamba 1, abin da za ku gani a ciki 256 ne, domin an cusa bayani fiye da ɗaya a wuri guda. Sai an rubuta `$? >> 8` ainihin lambar take fitowa.

Ko kun san cewa Python ya ɗauki shekaru kafin ya daidaita wannan aiki? A da akwai `os.popen` da `popen2` da `commands`, kowane da nasa gurgun gefe. A 2004, a bugu na 2.4, aka kawo `subprocess` bisa shawarar Peter Åstrand. `check_output` ya shigo 2.7 a 2010, `run` ya zo a 3.5 a 2015, sai `capture_output` a 3.7 a 2018. Yau layi ɗaya ya isa: `subprocess.run(["df", "-h"], capture_output=True, text=True, check=True)`. Sakamako yana `stdout`, ƙorafi yana `stderr`, lambar fita tana `returncode`. Wanda ya bar `check=True`, ko umarnin ya faɗi Python ba zai ce masa uffan ba.

Shin ko kun san cewa a tsohon Python alamomin nan masu jirkicewa wata ma'ana daban gare su? A Python 2 ba sa gudanar da umarni, siffar abu suke nunawa a rubuce, daidai da `repr`. Mutanen da suka taso daga Perl sun sha ruɗewa a kan haka. Python 3 da ya fito a 2008 ya cire su gaba ɗaya.

Ko kun san cewa PHP yana da hanyoyi da dama, kuma kowace da abin da take ɓoyewa? `exec` layin ƙarshe kaɗai yake dawowa da shi, sai kun ba shi jeri zai zuba sauran, ku ƙara masa mazubi na uku ya sa lambar fita. `shell_exec` yana kawo rubutun duka, amma ba ya faɗin ko an yi nasara. `passthru` kuwa ba ya riƙe komai, kai tsaye yake tura abin ga mai buɗe shafin, shi ya sa ya dace da hoto ko fayil.

Shin ko kun san cewa yaren Go da gangan ya ƙi bi ta shel? Google ya fitar da shi a 2009, kuma Ken Thompson ɗin nan na bututu yana cikin mutum uku da suka tsara shi, tare da Rob Pike da Robert Griesemer. Idan kuka ba `exec.Command` rubutun `*.txt`, ba zai buɗe shi ya koma sunayen fayiloli ba, yadda kuka rubuta haka zai miƙa. Buɗe tauraron aikin shel ne, shel kuma ba ya wurin.

Ko kun san cewa `exec` na Node.js yana da iyakar abin da yake ɗauka? A sababbin bugu iyakar bayit 1,048,576 ce, wato megabayit ɗaya. Da sakamako ya haura haka sai a kashe umarnin a yanke rubutun. Mai jiran abu mai yawa `spawn` ya kamata ya kira, wanda ke miƙo bayanin kashi-kashi yayin da yake fitowa. Ruby kuma yana da `Open3.capture3`, mai dawo da abubuwa ukun nan a tare: sakamako, ƙorafi da matsayin fita.

Lambar da ba a dubawa

Shin ko kun san cewa a nan sifili ne alamar nasara? Kowane umarni yana barin lamba tsakanin 0 da 255 idan zai fita. 0 na nufin lafiya lau, saura kuma akwai magana. A shel, 127 na nufin ba a sami umarnin ba, 126 an same shi amma ba a iya gudanar da shi. Idan an kashe shi da sigina, ana ƙara lambar siginar a kan 128: 130 wanda aka tsayar da Ctrl da C, 137 wanda aka kashe da ƙarfi, sau da yawa saboda ƙwaƙwalwar na'ura ta cika. Tun da iyakar 255 ce, wanda ya rubuta `exit 256` zai fita da 0, faɗuwa ta koma nasara.

Ko kun san cewa ba kowace lamba 1 ce kuskure ba? `grep` yana fita da 0 idan ya sami abin da ake nema, 1 idan bai samu ba, 2 idan matsala ta auku. `diff` ma haka: 0 fayilolin iri ɗaya ne, 1 sun bambanta, 2 an sami tangarɗa. Manhajar da ta ɗauki duk abin da ba sifili ba a matsayin faɗuwa za ta riƙa kururuwa ba dalili. Littafin bayanin kowane umarni yana faɗin ma'anar lambobinsa, a karanta.

Shin ko kun san cewa a jerin bututu lambar umarnin ƙarshe kaɗai ake kawo muku? Ku ɗauki mai kwafe rumbun bayanai yana tura shi cikin `gzip` don a matse. Idan kwafin ya faɗi tun farko, `gzip` zai matse babu, ya fita da 0, a ajiye fayil ɗin da ba komai a cikinsa da sunan ajiyar tsaro. Ba a ganewa sai ranar da aka zo nema. Maganin a shel ɗin Bash shi ne `set -o pipefail`, wanda ke sa faɗuwar kowane ɗaya ta zama faɗuwar jerin duka.

Ko kun san cewa amsar da ta dawo fanko ta taɓa share wa wani mutum fayilolinsa tas? A Janairun 2015 aka gano haka a manhajar wasanni ta Steam ta kamfanin Valve, bugun Linux. Wani layi yana kama sunan foldar manhajar ta hanyar `$(...)` ya ajiye a mazubi mai suna `STEAMROOT`. Can ƙasa kuma akwai `rm -rf "$STEAMROOT/"*`, wato a goge duk abin da ke cikin foldar. Mutumin ya matsar da foldarsa zuwa wani wuri, umarnin farko bai kawo komai ba, mazubin ya zauna wayam. Sai layin gogewar ya koma `rm -rf "/"*`, wanda ke farawa daga tushen kwamfutar. Duk fayil ɗin da mutumin yake da iko a kai ya tafi, har da na faifan ajiyar da ke jone a lokacin. Kamfanin ya gyara daga baya. Layi ɗaya mai tambayar ko mazubin fanko ne da ya hana wannan asara.

Inda aiki ke cijewa

Shin ko kun san cewa bututu yana cika? A Linux, tun daga bugu na 2.6.11, yana ɗaukar bayit 65,536. Kafin nan 4,096 ne a yawancin na'urori. Idan ya cika, mai zubawa tsayawa yake yi cak sai an kwashe. Daga nan ake samun kiki-kakar da ta fi kowace wahalar ganowa. Uwa ta buɗe bututu biyu, na sakamako da na ƙorafi, ta ce sai ta gama karanta na farko za ta waiwayi na biyu. 'Ya kuma ta yi ta zuba ƙorafi har bututun ya cika, ta tsaya jiran a kwashe. Uwa na jiran 'ya ta gama, 'ya na jiran uwa ta karanta, babu mai motsi, babu saƙon kuskure. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, a lokacin gwaji da ɗan ƙaramin bayani komai lafiya yake tafiya, sai aiki ya yi nauyi matsalar take fitowa. Don haka Python ya tanadi `communicate`, mai karanta duka biyun a tare, Java kuma yana da `redirectErrorStream` mai haɗe su hanya ɗaya.

Ko kun san cewa umarni da yawa suna canza hali idan suka gane ba mutum ke kallo ba? Sukan tambayi tsarin kwamfuta da `isatty` ko ƙofarsu kan taminal, wato tagar umarni, take. `ls` a allo yana jera sunaye a ginshiƙai, amma cikin bututu suna ɗaya a kowane layi yake bayarwa, kuma a yadda aka saba saita shi launuka ma sukan ɗauke. Abin da idonku ya gani a allo ba lallai shi manhajarku za ta karɓa ba. Ku buga `ls | cat` ku ga bambancin da kanku.

Shin ko kun san dalilin da sakamako yakan yi shiru na tsawon lokaci sannan ya zubo gaba ɗaya? Manhajojin da aka gina a kan C suna fitar da rubutu layi-layi idan allo ne, amma idan bututu ne sai su tara bayit dubbai kafin su saki. Ƙorafi kuwa ba a tara shi, nan take yake fita. Shi ya sa idan aka haɗe su biyun, saƙon kuskure yakan riga layukan da aka rubuta kafinsa isowa. Mai son gani nan take yana da `stdbuf -oL`, ko `--line-buffered` a `grep`, ko `-u` a Python.

Ko kun san cewa wurin da aka sa `2>&1` yana canza ma'anarsa? Wannan alama tana cewa ƙofa ta 2 ta bi inda ta 1 take fuskanta a daidai wannan lokacin. Idan aka rubuta `umarni > fayil 2>&1`, duka biyun fayil za su shiga. Idan aka juya, `umarni 2>&1 > fayil`, ƙorafi zai tafi allo, sakamako kaɗai zai shiga fayil. Shel daga hagu zuwa dama yake karantawa.

Shin ko kun san cewa `ssh` da `sudo` ba sa karɓar kalmar sirri ta bututu a yadda aka saba? Kai tsaye suke buɗe taminal ta `/dev/tty` su tambayi mutum. Manhajar da ta kira su a inda babu kowa, ko dai ta faɗi ko ta zauna jiran gawon shanu. Saboda irin wannan Don Libes na hukumar NIST ta Amurka ya ƙirƙiro Expect a 1990, mai buɗe taminal na kwaikwayo ya amsa tambayoyi a madadin mutum. Duk da haka, kowane kira a sa masa wa'adi. Python yana da `timeout` tun bugu na 3.3.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Ko kun san cewa abin da ke bi ta bututu ba haruffa ba ne, bayit ne zalla? Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a Satumbar 1992, haruffan Ingilishi bayit ɗai-ɗai suke ci, amma ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, kowannensu biyu yake ci. Kalmar “ƙasa” harafi 4 ce amma bayit 5. `wc -c` zai ce 5, `wc -m` ya ce 4. Wanda ya yanke rubutu bisa ƙidayar bayit yana iya tsaga harafi biyu.

Shin ko kun san daga ina tarkacen nan da ke ɓata rubutun Hausa yake fitowa? Idan umarni ya fitar da UTF-8, manhaja kuma ta karanta da tsohon tsarin Windows mai lamba 1252, wanda ba shi da haruffanmu, kowane bayit sai a fassara shi shi kaɗai. “ƙasa” ta koma “Æ™asa”, “ɗaki” ya koma “É—aki”. A Python, `text=True` kaɗai yana bin tsarin da kwamfutar take kai, wanda kan bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Mai aiki da rubutun Hausa ya rubuta `encoding="utf-8"` ƙarara, kada ya bar wa na'ura zaɓi.

Ko kun san cewa shel yana share alamar sabon layi da ke ƙarshen amsa, amma Perl da Python ba sa sharewa? Shi ya sa sunan da aka kamo yakan ƙi yin daidai da wanda ake kwatanta shi da shi, alhali a ido iri ɗaya ne. A Perl `chomp` ke cire ta, a Python `strip`. Windows kuma alama biyu yake sawa a ƙarshen layi, ba ɗaya ba.

Shin ko kun san cewa umarni yana sauya harshe? `date` a kwamfutar da aka saita da Faransanci, kamar yadda ake samu a ofisoshin Yamai da Damagaram, sunan rana da na wata da Faransanci zai bayar. Manhajar da aka rubuta a Kano tana neman sunan Ingilishi ba za ta gane shi ba. Sa `LC_ALL=C` kafin kira yana daidaita harshen. Abin da ya fi haka shi ne a nemi salon da aka tanada don na'ura: `git status --porcelain`, ko sakamakon JSON inda umarnin yake bayarwa.

Ƙofar masu kutse

Ko kun san cewa sunan fayil kaɗai ya isa a ƙwace sabar? A ce shafi yana karɓar suna daga baƙo ya manna shi a jikin umarni ya miƙa wa shel. Baƙon ya rubuta suna, ya sa `;`, ya biyo da nasa umarnin. Shel ba ya bambanta abin da mai manhaja ya rubuta da abin da baƙo ya ƙara, duka zai gudanar. Kariya mafi ƙarfi ita ce a miƙa umarni a jere, suna daban, kowane ƙarin bayani daban, ba tare da `shell=True` ba. In dole sai an bi ta shel, akwai `shlex.quote` a Python da `escapeshellarg` a PHP. Sunan da ya fara da `-` kuma ana iya ɗaukarsa zaɓin umarni, don haka ake sa `--` kafinsa.

Shin ko kun san cewa hoto ma ya taɓa zama makami ta wannan hanya? A Mayun 2016 aka bayyana rauni a ImageMagick, manhajar da shafuka masu ɗimbin yawa ke amfani da ita wajen sarrafa hotuna. Don wasu ayyuka takan kira umarnin waje, kuma ba ta tace rubutun da take mannawa yadda ya kamata. Mai kutse ya ɗora fayil mai kama da hoto da umarni a ɓoye a ciki, sabar ta gudanar masa.

Ko kun san cewa wani rauni ya kwana shekara 25 a cikin Bash ba a gani ba? Brian Fox ya fitar da Bash a 1989, kuma tun a shekarar kuskuren ya shiga. Stéphane Chazelas ne ya gano shi, aka sanar ranar 24 ga Satumba, 2014, aka yi masa laƙabi da Shellshock. Sabobi da yawa suna miƙa bayanan mai ziyara ga manhajojin da suke tayarwa, don haka inda Bash ne shel ɗin tsarin, kiran `system` ko `popen` kawai ya isa ya buɗe wa baƙo ƙofa. Duk shel ɗin da aka tayar ba da buƙata ba, ƙarin haɗari ne.

Ya ku masu koyon wannan sana'a, kafin ku kira umarnin waje ku fara duba ko yarenku yana da hanyar yin aikin da kansa. Jera fayiloli da sanin kwanan wata ba sa buƙatar aike. In kiran ya zama dole, ku miƙa shi a jere, ku sa masa wa'adi, ku faɗi tsarin haruffa, ku karanta ƙorafi, ku duba lambar fita, kuma kada ku gina umarnin gogewa a kan amsar da ba ku tantance ba. Ku buɗe tsohon aikinku yau ku nemi duk inda kuka rubuta `system` ko `exec` ko `shell=True`, ku bi su ɗaya bayan ɗaya ku gyara.